Takun da Na Yi a Gonar Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka ce in riƙa tafiya a ƙasa ba. Har yau idan na bi ta bayan garinmu na hango ɗorawar nan ta bakin gonar surukaina, sai in ƙara wa mashin wuta, in yi kamar ina sauri.

Ni malamin makaranta ne a Bebeji, gidana kuma yana wani ɗan gari kusa da Ƙofa. Shekaruna sun doshi hamsin a lokacin, kuma Allah ya yi mini tumbi (ni dai ina kiransa rufin asiri). Wata rana ina rubutu a allo sai na ga allon yana juyawa. Na dafa tebur na ce wa yara su karanta shafi na gaba, ana tashi na wuce asibiti ban gaya wa kowa ba.

Malamar asibitin ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sannan ta kalli cikina kafin ta kalli fuskata.

"Malam, jininka ya hau sosai. Ga magani, ka rage gishiri da maiƙo. Kuma kullum ka yi tafiya da sauri ta rabin awa, har ka ji gumi."

Na ce, "Wane lokaci?"

Ta ce, "Da sanyin safiya ya fi, ko da yamma in rana ta yi sanyi."

A nan ya kamata in faɗi halina, don shi ne tushen komai. Ni mutum ne mai zargi. Idan mutum biyu suna magana na iso suka yi shiru, na gama yanke hukunci da ni suke. Idan aka yi mini fara'a da yawa, sai in kwana ina tunanin me ake nema a wurina. Saboda haka tun kafin in fita daga asibitin na ƙudurta cewa babu wanda zai ji wannan magana, har matata Hajara. Na san in ta ji, za ta raba ni da tsire da man shanu, ta gaya wa mahaifiyarta Inna, kafin la'asar duk gari ya san Malam ya kusa. Magani na kulle shi a durowar makaranta, katin asibitin kuma na cusa shi ƙarƙashin kujerar mashin.

Saura tafiya. Na fara da safiya kamar yadda aka ce. Muna idar da sallar asuba na kama hanyar Ƙofa, ina wurga hannu. Ban yi taku ɗari ba wani mai mashin ya ci birki a gabana.

"Malam, lafiya? Mashin ɗin ne ya lalace? Hau in sauke ka."

Na ce a'a, na gode, nan kusa zan je. Na biyu ya tsaya, na uku ya tsaya, har da wani mai ɗauke da buhun taki da ya rantse akwai wuri a baya. A garinmu babba ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. In an ga magidanci yana sauri da sassafe, to ko haihuwa ce, ko rasuwa, ko akuya ta ɓata. Ga kuma gaisuwa. Ba ka isa ka wuce dattijo mai tafiya gona ka ɗaga masa hannu kawai ba. Sai ka tsaya, ka rusuna, ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi iyali da zafi, shi ma ya tambaye ka. Na duba agogo, rabin awa ta cika, ni kuwa daga masallaci ko injin niƙa ban wuce ba, gumi kuma babu ko ɗigo.

Na koma yamma. Wannan ta fi muni, domin bayan la'asar kowace inuwa da majalisarta. Ina tunkaro ta bakin mai shayi hira ta tsaya cak. Na yi sallama, aka amsa, na wuce, na ji idanu a ƙeyata. Da na dawo ta wurin sai wani ya ce, "Malam, ka samu abin da kake nema kuwa?" Aka yi 'yar dariya. Wataƙila da zuciya ɗaya ya tambaya, amma ni na kwana uku ina juya maganar. Bayan isha kuwa ban ma gwada ba, don karnukan bayan gari ba su san malami ba, kuma Hajara za ta tambayi inda zan je.

Sai na zauna na yi nazari irin na masu ilimi. Wane lokaci ne babu kowa a waje? Amsa ta zo mini a take: tsakanin azahar da la'asar. A bazara manoma suna fita sharar gona da safe, kafin rana ta take sun dawo gida, kowa ya nemi inuwa ya miƙe. Ko kaji ba sa yawo a lokacin. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan dabara. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa kowa yake guje wa wannan rana ba, ni mai hawan jini na ce ita na zaɓa.

Wuri ma na zaɓe shi da hikima, a ganina. Akwai wata doguwar gona a bayan gari, shimfiɗaɗɗiya, ta marigayi mahaifin Hajara. Na ce ko an gan ni a can, ai gonar gida ce, wa zai tambaye ni? Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, shekara biyu da rasuwar tsohon ba a raba gonar ba. Babban wansu, Yaya Sale, shi yake noma ta, da kaka ya auna wa kowa hatsi. Hajara da bakinta ta faɗa a gaban Inna cewa ita ba ta neman a yanka mata komai, ta bar rabonta a hannun Yaya. Duk gari an yaba mata a kan wannan, ni ma har na ɗan sha yabon.

Na ce wa Hajara an ƙara mana darasi bayan tashi. Kullum in na taso sai in yi azahar a hanya, in ratse bayan gari, in jingine mashin a gindin ɗorawa, in cire hula, in naɗe riga, in fara.

Wani abokin aikina ya taɓa sa mini abin ƙirga taku a waya, amma ban yarda da shi ba. Ranar da na gwada shi, na hau mashin daga Bebeji zuwa gida a kan hanyarmu mai gargada, na duba sai ga shi wai na yi taku dubu uku. Na ce wannan maƙaryaci ne, da bakina zan ƙirga. To amma ƙirga cikin rana yana da wuya, sai in kai ɗari biyu da wani abu in rikice. Sai na samo dabara ta biyu: duk taku ɗari in tara duwatsu uku in ajiye. Na kuma ware wani tsohon littafi ina rubuta abin da na yi kowace rana. Da tsawon gonar ya gundure ni sai na fara bin faɗinta, daga baya na riƙa ratsa ta tsakiya, tunda babu shuka. Ko'ina na bi sai na bar duwatsuna.

(Mai karatu, na san ka riga ka gano. Ni da nake tsakiyar abin, wallahi ko a jikina.)

Mutum ɗaya ne yake ganina. Malam Buba, wani dattijon Bafillatani da rugarsu take gefen gari, tsohon aminin surukina marigayi. Kullum yana gindin wata tsamiya da sandarsa, shanunsa suna tsintar kara a gonakin. Kwana biyu yana kallona. A na uku ya ɗaga murya.

"Sannu Malam. Rana fa ta yi zafi."

Na ce, "Wallahi kuwa, Baffa."

"Wani abu ne ya faɗi?"

Da na ce masa likita ce ta sa ni, da magana ta ƙare a nan. Amma sai zargina ya motsa, na ce a raina wannan tsohon so yake ya ji cikina ya kai kasuwa. Na gyara murya na ce, "A'a, wani ɗan lissafi nake yi."

Ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ya bi littafin hannuna da kallo.

Bayan kamar mako guda na zo na tarar an watsar da duwatsuna gaba ɗaya. Raina ya ɓaci. Na kalli Malam Buba, ya kalli shanunsa. Na ce lallai akwai mai yi mini zagon ƙasa a garin nan, wanda ba ya so in samu lafiya (ka ji fa, alhali babu wanda ya san ba ni da ita). Na sake tara su, wannan karon manya na ɗauko, har da wani da sai da na yi nishi kafin na ɗaga shi. Na kafa shi a tsakiyar gonar don in ga mai ƙarfin halin da zai taɓa.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa. A masallaci na miƙa wa Yaya Sale hannu, ya ba ni 'yan yatsu ya kau da kai. Ƙaninsa Habu, wanda kullum sai ya tsokane ni a kan tumbi, ya gan ni ya canza hanya. Ranar Juma'a Hajara ta je gaida Inna ta dawo idonta jajir, kwanon dambun da ta kai musu ma a rufe ta dawo da shi. Na tambaye ta, ta ce babu komai. Da na matsa sai ta ce, "Yaya ne ya ƙi amsa gaisuwata. Na rasa abin da na yi masa." Ta shiga ɗaki, na ji tana jan hanci.

Ka san fassarar da na yi wa wannan duka? Na ce malamar asibiti ce ta tona mini asiri. Na ce ta gaya musu abin da ni ta ɓoye mini, ciwon ya fi yadda nake zato, shi ya sa Yaya Sale ba ya iya haɗa ido da ni don tausayi, Hajara kuma kukan takaba ta fara tun ina raye, ta fake da yayanta. Ba zan ɓoye ba, har wani ɗan daɗi na ji da na ga ashe ana so na haka. Washegari na ƙara taku ɗari biyar.

Ranar da abin ya fashe Talata ce. Rana kamar ta faɗo ƙasa. Na cire hula, na soke gefen riga a wando, gumi ya jiƙa ni har gwiwa, ina wurga hannu ina ƙirgawa da ƙarfi. "Ɗari uku da sittin da bakwai, ɗari uku da sittin da takwas…" Ina zagayo wata kuka da ke ƙarshen gonar sai na yi kiciɓis da mutum uku a tsaye: Yaya Sale, Habu, da Malam Buba. Yaya Sale yana riƙe da wata doguwar igiya a naɗe. Ya jefo ta gabana.

"Ga igiya mun kawo maka, Malam. Ta fi taku daidai."

Na tsaya ina haki, na ce, "Igiyar me, Yaya?"

"Ta awo mana. Mako uku kana auna gonar ubanmu da rana tsaka kamar ɓarawo. In rabon Hajara kuke so, ba sai ku zo ta ƙofa ba? Ɗauko littafinka, mu je gaban Inna."

A lokacin ne na waiga na kalli gonar da idon wani. Duwatsu a jere ta tsawo, duwatsu ta faɗi, ga wani ƙato a tsakiya. Ko alƙali aka kawo ba zai raba ta da kyau haka ba.

A zauren gidansu aka zauna. Inna tana kan tabarma ta bakin ƙofar ciki, an riga an aika Hajara ta zo, tana rakuɓe a bayanta. Ni da ban taɓa yarda Inna ta gan ni ba hula ba tun da na auri 'yarta, ga ni durƙushe a gabanta kai a buɗe, riga a soke, ina warin rana. Hular tana can rataye a mashin.

Yaya Sale ya karɓi littafin ya miƙa wa Habu, shi kuma ya karanta a fili. "Litinin, tsawo ɗari biyar da goma, sau huɗu. Talata, faɗi ɗari biyu da tamanin. Laraba, ta tsakiya." Ya ɗago ya ce, "Har da wani wuri da ya rubuta, gobe in ƙara."

Yaya Sale ya juya wajen ƙanwarsa. "Ke kika ce kin bar mini. Ban roƙe ki ba. Ashe a baki ne kawai, kika koma kika turo mijinki."

Hajara ta ce, "Wallahi Yaya ban san komai ba. Ni ce mini ya yi darasi aka ƙara musu." Inna ta ɗan janye jikinta daga jikin 'yarta, kuma na ga Hajara ta lura. Wannan ɗan motsin shi ya karya ni. Mako biyu ke nan ana yi wa matata kallon maƙaryaciya mai fuska biyu a gidan ubanta, ni kuwa ina can ina jin daɗi wai kukana take yi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ku gafarce ni. Ba awo nake yi ba. Motsa jiki nake yi."

Habu ya ce, "Motsa me?"

"Jiki. Hawan jini gare ni. A asibiti aka ce in riƙa tafiya."

Yaya Sale ya ce, "Da azahar? A bazara? Wace likitar ce za ta ce mai hawan jini ya shiga wannan rana, in ba so take ta ƙarasa shi ba?"

Na ce ita da safe ta ce, ni ne na zaɓi azahar don kada a gan ni. Ban taɓa jin magana ta fito daga bakina ta yi mini wauta kamar wannan ba. Ba su yarda ba sai da Habu ya hau mashin ɗinsa ya je gindin ɗorawa, ya ɗaga kujerar nawa ya zo da katin asibitin (ya manto hular, kuma na tabbata da gangan). Aka karanta, aka ga kwanan watan da ke jiki 'yan kwanaki ne kafin farkon littafin.

Sai Malam Buba ya gyara zama ya ce, "Ni dama abin ya ɗaure mini kai. Na ga masu awo da yawa, ban taɓa ganin mai yi da hannu haka ba." Ya miƙe, dattijo da furfurarsa, ya turo ciki gaba, ya fara zagaya zauren yana wurga hannu yana hura hanci, yana cewa ɗari uku da kaza, ɗari uku da kaza. Habu ya kife a ƙasa. Yaya Sale ya yi ta maza na ɗan lokaci, sannan ya fashe har da hawaye. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ƙasar zauren za ta buɗe a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Hajara ta karɓi katin tana dubawa, duk da ba ta gane rubutun likita. Da aka lafa sai ta ce, a hankali, ba ta ko kalle ni ba:

"Da ka faɗi a gonar nan, Malam, a makaranta zan sa a neme ka."

Babu wanda ya sake dariya. Ni da nake zargin duk gari, ashe ni kaɗai ne nake yi wa wani ƙarya a cikin lamarin.

Yaya Sale ya share ido ya ce, "Hajara, ki yafe mini, na zarge ki a banza." Inna ta jawo ta jikinta. Sannan ya dube ni. "Kai kuma tunda gumi kake nema, gobe bayan asuba ka same mu a gonar. Ka fara da kwashe duwatsunka, kada su karya mana garma. Wancan na tsakiya kai kaɗai za ka ɗauke shi."

Haka aka yi. Kwana biyu ina kwasar duwatsu, na uku aka ba ni manjagara. Kafin ruwan farko ya sauka duk garin ya san Malam yana da hawan jini, kuma abin mamaki, babu wanda ya damu. Mutum huɗu ma suka same ni a gefe suna tambaya wane magani aka ba ni, su ma suna da shi. Yanzu da safe nake tafiyata a kan hanyar Ƙofa. In baƙon mai mashin ya tsaya zai ɗauke ni, sai ka ji wani daga nesa ya ce, "Bar shi, na asibiti ne." Dattawa ma sun yi mini rangwame, hannu kawai nake ɗaga musu. Sunan Mai Awo dai ya bi ni, har ɗalibaina sun sani.

Da na koma asibiti na ba malamar labari, ta ajiye abin awonta ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in riƙa zuwa da matata.

In ka tambaye ni yau wane lokaci ya fi dacewa da motsa jiki, zan ce maka likita ta fi ni sani, safe ko yamma. Abin da ni na koya da kaina shi ne, duk lokacin da ka zaɓa don kada kowa ya gan ka, akwai wani a gindin tsamiya yana kallonka, kuma shi zai fassara abin da ya gani. Hajara ta yafe mini, amma tsire ya tafi, man shanu ya tafi. Kuma har yau in na sa takalmi da asuba sai ta leƙo ta ce, "Darasi za a je, Malam?" Sai in tsaya in faɗa mata hanyar da zan bi, da inda zan juyo.